Badujalar Bariki da Amon Zango: Tarihin Sautin da Aka Adana a Wagadugu da Wanda Ya Salwanta

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga intanet neman sautin da zai ɗora a kan aikin makaranta, ko ɗan gajeren fim, ko shirin rediyo, ba tare da ya biya kuɗin haƙƙin mallaka ba, ya san irin abin da ake tararwa. Kiɗan badujala na sojojin Amurka da na Turai yana nan jibge, wani an ɗauke shi fiye da shekara 100 da suka wuce, kuma har yau ana jin busar begila da dukan ganga a cikinsa. Akwai kuma ƙarar jirgin ƙasa, da saukar ruwan sama a kan rufin kwano, da hayaniyar titunan manyan biranen duniya. Amma idan ya ce zai nemi tallar mai koko da sassafe a wani zango, ko luguden mata a tsakar gida, ko cinikin goro da harshen Hausa, zai sha wahala kafin ya sami abin kirki.

Wannan giɓi yana da tarihi, kuma tarihin ne za mu bi a wannan rubutu. Mun zaɓi birnin Wagadugu, hedikwatar ƙasar Burkina Faso, domin a can ne bariki da zangon Hausawa suka zauna kusa da juna shekaru masu yawa, sannan aka wayi gari a shekarar 2003 aka rushe zangon. Manufar ita ce ɗalibin Hausa ya fahimci dalilin da ya sa wani sauti ya tsira wani ya ɓace, ya kuma ga abin da wannan ya jawo wa nazarin harshen da yake karantawa.

Zango Kafin Zuwan Na'ura

Kalmar zango a asalinta tana nufin wurin da ayarin fatake yake yada kaya ya kwana. Daga nan ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da tazarar da ke tsakanin masauki da masauki, har ta kai ga zangon karatu da muke faɗa a makaranta. A ƙasashen da ke kan hanyar Gwanja kuwa, wato hanyar fataucin goro, masaukin ya daɗe har ya zama unguwa, shi ya sa ake samun unguwannin da ake kira zango ko zongo a Gana da Togo da Benin da Burkina Faso.

A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa, ya gangara Salaga inda ake sayen goro. Sukan tafi da kanwa da tufafin rini da kayan fata, su komo da goro a kan jakuna. Wasu daga cikinsu suka zauna a garuruwan Mosawa suka zama fatoma da dillalai da malamai da mahauta. A Wagadugu unguwarsu ta sami suna Zangwetin, wanda takardun Faransanci suke rubutawa Zangouettin, ma'ana wurin mutanen zango a harshen More na Mosawa.

Ɗalibin Hausa zai so ya san cewa Baturen da ya fara isa Wagadugu masanin Hausa ne. Shi ne Bajamushe Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka sani da Malam Musa. Ya taso daga Salaga ya isa birnin a shekarar 1886, kuma Hausar da ya iya ce ta yi masa jagora a hanyar fatake. Bayansa Bafaranshe Louis Binger ya zo a 1888. Dukkansu da alƙalami da takarda suka zo. Ko da yake Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar sauti tun 1877, ba ta riga ta zama kayan matafiya ba, saboda haka abin da kunnuwansu suka ji ya tsaya a kunnuwansu.

Birnin kuma yana da nasa sautin na sarauta. Fadar Mogo Naba, babban sarkin Mosawa, tana da makaɗan bendre, wato ganga ta ƙwarya da ake rufe bakinta da fata, wadda da ita ake jero sunayen sarakunan da suka gabata. Har yau kowace safiyar Juma'a ana yin al'adar nan da sarki yake fitowa cikin jajayen tufafi kamar zai hau doki ya tafi yaƙi, fadawa su roƙe shi, ya koma ya sake fitowa cikin farare, a harba bindiga. Bahaushen da ya saba jin kakaki da tambari a ƙofar fada daren Juma'a ba zai ga baƙon abu a nan ba. A ƙasashen biyu, mai mulki yana da kayan kiɗan da talaka ba ya taɓawa, kuma jin su kaɗai ya isa a san wane ne da gari.

Isowar Begila

Ranar 1 ga Satumba, 1896, wani hafsan Faransa mai suna Paul Voulet ya shiga Wagadugu da sojojinsa, Mogo Naba Wobgo ya fice daga birnin, a farkon 1897 kuma aka naɗa ɗan'uwansa Naba Sigiri a ƙarƙashin ikon Faransa. Wannan Voulet ɗin ne dai, tare da abokinsa Chanoine, ya jagoranci rundunar da ta ratsa ƙasar Hausa a 1899, ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu su juya musu baya su kashe su a kusa da Maijirgi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ke nan mutanen Wagadugu da na Ƙonni a hannun mutum ɗaya suka ji busar begila.

Begila agogon bariki ce. Da ita ake tashin soja da asuba, da ita ake kiran fareti da cin abinci, da ita ake sauke tuta da yamma. Idan aka haɗa ta da ganguna da sarewa da sauran kayan busa na tagulla, an sami abin da Hausa take kira badujala. Yawancin masu busawa da masu kaɗawa 'yan Afirka ne. Faransa ta kafa rundunar baƙaƙen fata da ake dangantawa da Sanagal tun 1857, amma da tafiya ta yi tafiya sai ƙasar Mosawa ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake ɗibar mata kurata, musamman a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu.

A ɓangaren Ingilishi, alaƙar Hausa da bariki ta fi haka ƙarfi. A 1863 John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna a Legas wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma da yawa daga cikinsu bayi ne da suka tsere ko aka 'yanta. A 1897 aka ɗora wa Lugard aikin kafa rundunar tsaron Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Hausa ce ta zama harshen da hafsa yake magana da soja a wannan runduna, har aka sami wani nau'in Hausa mai sauƙaƙƙen nahawu da ake kira Barikanci. Ta wannan ƙofa kalmomi irin su soja, bariki, fareti, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa da kyaftin suka shigo. Hausar Nijar kuma ta karɓi nata rabon daga Faransanci, kamar kumandan da jandarma. Bahaushen Wagadugu, wanda yake zaune a ƙarƙashin Faransa amma fatauci yana kai shi Kumasi da Kano, yana jin duka biyun.

Abin da Ya Sa Na'ura Ta Karkata ga Badujala

Dalili na farko na ƙira ne. Na'urorin farko ba su da makirufo. Wani babban mazurari ne ake kafawa a gaban mai kiɗa, sauti ya shiga ya girgiza wani siririn falle, fallen ya motsa allura, allurar ta yi zane a jikin kaki. Ƙarfin sautin kansa ne yake yin zanen, don haka abin da ba shi da ƙara ba ya kamuwa. Kayan busa na tagulla sun dace da wannan na'ura ƙwarai. Muryar yarinya mai talla daga nesa kuwa, ko hirar dattawa a zaure, ko ƙarar takalmi a kan yashi, ba za su iya motsa allurar ba. Ban da haka, gwangwanin kaki minti 2 kawai yake ɗauka a farko, kafin a kai shi minti 4 a 1908, faifan garmaho kuma bai wuce minti 3 da ɗoriya a kowane gefe ba. Taken fareti yana shiga wannan ma'auni daidai. Safiyar zango ba ta da farko ko ƙarshen da za a yanka a minti 3. Sai a 1925 aka fara ɗaukar sauti da makirufo mai aiki da lantarki.

Saboda haka tun farkon cinikin faifai badujala ce ke kan gaba. Ƙungiyar kiɗan rundunar Marine ta Amurka, a lokacin da John Philip Sousa yake shugabantarta, ta fara yi wa kamfanin Columbia kiɗa a 1890. Abin mamaki, shi Sousa bai yarda da na'urar ba, har ya rubuta maƙala a 1906 yana gargaɗin cewa za ta kashe waƙar da mutane suke yi da bakinsu a gida.

Dalili na biyu na iko ne. Badujala tana da hukuma a bayanta, da albashi, da ranar fareti da aka sani, da ma'ajiyar da ake adana kayanta. Mai tallar ƙosai ba ta da ko ɗaya. Wanda yake riƙe da na'ura shi yake yanke hukuncin abin da ya cancanci a ɓata kaki ko zaren rikoda a kansa, kuma shekaru da dama masu riƙe da ita ba su ɗauki hayaniyar unguwa a matsayin abin tarihi ba.

Muryoyin da Aka Ɗauka

Duk da haka an ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma tun da wuri, sai dai yanayin da aka ɗauke su abin dubawa ne. Tsakanin 1915 da 1918 wani kwamiti na masana a Jamus ya zagaya sansanonin fursunonin yaƙi yana ɗaukar harsuna da waƙoƙin waɗanda aka kama, cikinsu har da sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi. An sami faifai kimanin 1,650, waɗanda suke ajiye yau a Jami'ar Humboldt ta Balin. Waɗannan mutane a tsare suke, ba su da ikon cewa a'a, kuma shekaru masu yawa sun wuce kafin a sami masu jin harsunansu su saurari abin da suka faɗa. Ta hanyar bariki da yaƙi ke nan muryoyin waɗannan 'yan Afirka ta Yamma suka shiga ma'ajiyar Turai.

Daga 1927 kamfanin Zonophone ya riƙa ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma a Landan yana buga faifan garmaho domin sayarwa a gida, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka ɗauka, tare da Yarabanci da Fanti da Ga da Wolof. Wannan ciniki ne, don haka waƙa aka nema.

Canji na gaske ya zo da rikoda mai zare wadda mutum ɗaya zai iya rataya a kafaɗa. A ƙarshen shekarun 1950 hukumar rediyon Faransa mai kula da ƙasashen Afirka ta fara fitar da faifai waɗanda daga baya aka san su da sunan Ocora. Wanda ya assasa aikin, Pierre Schaeffer, shi ne mutumin da ya haɗa wani kiɗa a 1948 da ƙarar jiragen ƙasa zalla, yana nuna cewa sautin yau da kullum abin saurare ne. A ƙarƙashin wannan hukuma Charles Duvelle ya ɗauki kaɗe-kaɗen ƙasar da ake kira Haute-Volta a lokacin, wato Burkina Faso ta yau, a farkon shekarun 1960, Tolia Nikiprowetzky kuma ya ɗauki na maroƙan Nijar. A Nijeriya, David Ames ya yi aiki a Zariya a 1963 da 1964, aka fitar da faifai biyu na kiɗan Hausa daga abin da ya ɗauka, sannan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, littafin da ɗalibi ba zai rasa amfaninsa ba har gobe.

Sai dai waɗannan masana asali suke nema. Mai son kiɗan Mosawa ya nufi fada ko ƙauyen Mosawa, mai son kiɗan Hausa ya nufi Zariya ko Katsina ko Maraɗi. Zango ya faɗa tsakani, domin a idon mai bincike Bahaushen Wagadugu baƙo ne a inda yake, kuma ya yi nisa da inda ya fito. Alhali kuwa a irin wannan wuri ne harshe yake nuna yadda yake rayuwa idan ya haɗu da wasu, inda yaro yake magana da Hausa a gida, da More a kasuwa, da Faransanci a lakwal.

Badujala a Gidan Rediyo

An buɗe gidan rediyon ƙasar a Wagadugu a 1959, aka sami 'yancin kai ranar 5 ga Agusta, 1960. Daga nan badujala ta sami sabon aiki. Ita ce ke buga taken ƙasa, ita ce ke tarbar baƙi a filin jirgi, ita ce kuma ta zama alamar da kowa ya gane ba tare da an yi masa bayani ba. Idan aka kunna rediyo aka ji shirye-shirye sun tsaya, kiɗan soja yana ta maimaituwa, to mulki ya sauya hannu.

Mutanen Wagadugu sun ga sauyin mulki ta hannun soja sau da dama. Sangoulé Lamizana ya karɓi mulki ranar 3 ga Janairu, 1966, Saye Zerbo a Nuwamba 1980, Jean-Baptiste Ouédraogo a Nuwamba 1982, Thomas Sankara ranar 4 ga Agusta, 1983. Shekara guda bayan haka Sankara, wanda shi kansa makaɗin jita ne, ya sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso, aka kuma sauya taken ƙasa. Ranar 15 ga Oktoba, 1987 aka kashe shi, rediyo ya koma kiɗan soja kafin a karanta sanarwar da ta kawo Blaise Compaoré. Masu sauraro a Nijeriya tun daga Janairun 1966, da na Nijar tun daga Afrilun 1974, sun san irin wannan kiɗa da faɗuwar gaban da ke tare da shi.

Darasin da ke nan shi ne, faifai yana adana sauti amma ba ya adana abin da sautin yake nufi ga mai jinsa. Wanda ya sauke taken fareti daga intanet yau don ya ƙawata bidiyonsa yana jin kiɗa mai daɗin taku. Uwar da ta ji irinsa a Zangwetin da yammacin wata Alhamis ta 1987 abin da ya fara zuwa zuciyarta shi ne a nemo yara su shigo gida.

Shekarar 2003

Zangwetin tana tsakiyar birni, tsakanin babbar kasuwar Rood Woko da filin jirgin sama, kusa da babban masallaci da titin Kwame Nkrumah. Masani Elliott Skinner, wanda ya yi jakadancin Amurka a ƙasar daga 1966 zuwa 1969, ya bayyana rayuwar unguwannin birnin a littafinsa na 1974. Wannan matsayi na tsakiyar birni, wanda ya ciyar da mazaunanta shekara da shekaru, shi ne kuma ya jawo ƙarshenta.

A shekarar 2000 gwamnati ta sanar da shirin da ake kira ZACA, na mayar da tsakiyar birnin wurin manyan gine-ginen kasuwanci da ofisoshi. Filin da shirin ya shafa ya kai kimanin hekta 85, ya haɗa da Zangwetin da wasu tsofaffin unguwanni maƙwabtanta. Mazauna sun yi ƙorafi, sun yi zanga-zanga, amma a 2003 aka rushe gidajen, aka tashi mutum fiye da 10,000, aka ba su filaye a gefen gari, wasu a wajen Waga 2000, wasu a Niyoko. A watan Mayun wannan shekara kuma gobara ta cinye kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Wani babban sashe na filin da aka share ya daɗe a fili ba gini.

Mutanen suna nan, Hausarsu tana nan, amma sautin unguwa ba ya ƙaura da mutane kamar tukunya da tabarma. Duk wanda ya san zango ya san yadda yake amsawa: kiran salla daga masallatai da ke kusa da juna, wani yana kamawa kafin wani ya sauke, karatun yara a makarantar allo, sarar gatarin mahauci a kan itace da kalangun da ke yi masa take, sallama a bakin zaure, guɗa daga gidan biki. Ƙuncin lungu da kaurin katangar ƙasa da kusancin gidaje su ne suke haɗa waɗannan su zama amo guda. An iya auna gida a biya diyyarsa. Wannan amo kuwa ba ya cikin abin da ake aunawa, kuma abin da ya rage daga cikinsa yana tare da waɗanda suka rayu a wurin da kuma kaset da bidiyon bukukuwa da iyalai suka adana.

Me Ake Nufi da Sautin Kyauta?

Ya kamata ɗalibi ya bambanta abubuwan da ake haɗawa a ƙarƙashin wannan suna. Akwai sautin da ya zama na kowa saboda wa'adin haƙƙinsa ya ƙare. A Amurka, alal misali, duk faifan da aka fitar kafin 1923 ya zama na kowa tun ranar 1 ga Janairu, 2022. Akwai wanda tun asali ba shi da haƙƙin mallaka, domin dokar Amurka ta ce aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aikinsa na jama'a ne. Wannan ne ya sa kiɗan ƙungiyoyin sojan Amurka ya cika rumbunan kyauta, ko da yake idan taken da suka buga sabo ne, haƙƙin wanda ya tsara shi yana nan. Akwai wanda mai shi ya sadaukar da kansa ta hanyar lasisin Creative Commons, kamar yadda ake yi a rumbun Freesound da aka buɗe a Jami'ar Pompeu Fabra ta Basalona a 2005. Akwai kuma wanda ake biya sau ɗaya a yi ta amfani da shi, wanda kyautarsa ta tsaya ga rashin sake biya.

Ƙasashenmu kuma suna da nasu dokokin. Burkina Faso tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977, tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BBDA, tun 1985, kuma dokarta ta ba da kariya ga fasahar gargajiya. Dokar Nijeriya ma haka. Saboda haka tsufan waƙa bai isa hujjar ɗaukarta a sayar ba. Bayan doka kuma akwai mutunci. Abin da ya faru a sansanonin Jamus ya isa ya tuna mana cewa muryar mutum amana ce, kuma wanda aka ɗauka yana da haƙƙin ya san inda za a kai ta.

Abin da Ya Shafi Ɗalibin Hausa

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, kari ne ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba su. Kalangu yana iya kiran sunan mutum ne saboda yana bin hawa da saukar karin magana. Don haka wanda ya gaji takarda kaɗai ya gaji rabin harshe. Ga kuma tarin kalmomin da Hausa ta tanada domin abin da kunne ke ji, irin su amo, ƙara, rugugi, kuwwa, shewa, guɗa, tsaki, gunaguni da lugude, da kalmomin amsa-kama kamar tim da ƙwal. Ƙamus zai ba da ma'anarsu, amma sai an ji su ake sanin su.

Hausar zango kuma tana da tambayoyin da ba a amsa su sai da sauti. Yaya karin Hausa yake a bakin wanda ya tashi da More? Waɗanne kalmomi ya riƙe waɗanda Kano ta daina amfani da su? A wace gaɓa ta magana yake tsallakawa zuwa Faransanci, a wace gaɓa yake dawowa?

Abin da ya gagari Malam Musa a 1886 yau yana aljihun kowane ɗalibi, domin wayar hannu ta fi na'urar kaki nesa ba kusa ba. Wanda zai yi wannan aiki ya nemi izinin mutane tukuna, ya gaya musu inda sautin zai je. Ya rubuta rana da lokaci da sunan unguwa da abin da ake yi, domin sautin da ba shi da bayani kamar wasiƙa ce ba adireshi. Ya bar na'ura ta yi minti 10 ko 20 ba tare da ya sa baki ba. Ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Idan waɗanda aka ɗauka sun amince, ya sanya a rumbun da kowa zai iya ɗauka, kamar Wikimedia Commons ko Freesound. Shirin Common Voice na Mozilla ma yana karɓar karatun jimlolin Hausa, kuma zai fi amfani idan muryoyin Wagadugu da Kumasi da Damagaram suka shiga tare da na Kano.

Kammalawa

Mun ga cewa yawan badujala a rumbunan sauti ya samo asali ne daga ƙirar na'urar farko, da goyon bayan hukuma, da dokar da ta sa kiɗan sojan Amurka ya zama na kowa. Mun ga kuma cewa zango ya sami ƙaramin rabo saboda sautinsa ba shi da ƙarar da za ta motsa allura, ba shi da hukumar da za ta adana shi, kuma masu bincike sun fi karkata ga fada da ƙauye. Tarihin Zangwetin ya nuna cewa unguwar da ta girmi mulkin mallaka tana iya tashi cikin 'yan watanni. Akwai zanguna da yawa da ke tsakiyar birane masu tsadar fili a Afirka ta Yamma, kuma dattawan da suka san tsohuwar Hausarsu suna raguwa kowace shekara. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ɗalibin da ya ɗauki safiya guda ta unguwarsu, ya rubuta bayaninta, ya adana ta inda za a same ta, ya bar wa masu nazarin Hausa na gaba abin da mu ba mu gada daga na baya ba.